Layin Gwani, A Bar Shi A Sama

Kusan duk wanda ya zo wurina koyon aiki, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Baba Habu, ina ake dannawa a toshe?" In na nuna masa sai ya yi dariya, ya ce ashe wannan ne kawai. E, wannan ne kawai. Layi ɗaya ake rubutawa a wani fayil: lambar adireshin kwamfutar da ba a so, sai hukuncinta a gaba. Duk wanda ya iya rubuta sunansa zai iya. Amma ni har yau ba na ƙara layi a fayil ɗin nan sai na yi bisimilla, na karanta na samansa, na karanta na ƙasansa, na sake karantawa. Kuna ganina kuna cewa tsufa ne. To ku saurara, don ni ma da gaggawata na shigo.

Buga takardu nake yi a ofishin wata ƙungiyar manoma a Karaye lokacin da Malam Inuwa ya dawo gida daga Kano. Karatuna bai wuce sakandare ba. Ƙungiyar tana da rassa har cikin Rogo, kuma shugabanninta sun gaji da tura mutum a babur saboda takarda ɗaya, sai suka ce a kafa musu gidan wayarsu na imel. Malam Inuwa ne ya kafa. Ɗakin da aka ba shi da can taki ake ajiyewa a ciki, har yanzu in damina ta zauna yana tashi da warinsa. A nan ya ɗora kwamfutar da ke karɓar wasiƙu tana rabawa, wadda muke kira saba, a kan benci, ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun bencin saboda ruwa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Batira huɗu, farantan sola a kan rufi, fanka ɗaya wadda ba don mu aka sayo ta ba sai don sabar, burushin fenti na kaɗe ƙura, da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta duk abin da ya taɓa. Da tafiya ta yi tafiya, makarantu biyu da magatakardan wasu dagatai da 'yan kasuwar hatsi suka roƙi a buɗe musu akwatin imel a wurinmu, aka buɗe.

Aikin farko da ya ba ni shi ne karatu. Saba tana da rajista, inda take rubuta duk wanda ya zo ƙofarta, da lokacin da ya zo, da abin da aka ce masa. Wata uku ina zaune ina karanta rajistar nan, ban taɓa komai ba.

"Malam, yaushe zan fara aiki?"

"Yanzu me kake yi? Rawa?"

A rajistar na ga abin da har gobe yake ba ni mamaki. Ashe na'urori ma ba sa faɗa wa gidan juna kai tsaye. In wata saba ta zo da wasiƙa daga wata ƙasa, sai ta tsaya a ƙofa ta yi shiru. Tamu ce za ta fara magana, ta faɗi sunanta. Sannan baƙuwar ta gaishe ta, ta faɗi nata sunan, ta ce ga wanda ya aiko ni, ga wanda aka aiko ni wurinsa. Sai tamu ta amince kafin ta sauke kayanta. In ta gama ta yi sallama ta tafi. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Masu wasiƙun banza kuwa, masu tallan maganin ƙarya da masu cewa ka ci gadon wani attajirin da ba ka taɓa ji ba, yawancinsu ba sa jiran a amsa. Ana buɗe ƙofa sun fara zuba, ko su faɗi sunan da ba nasu ba. Malam yakan ɗora yatsa a kan layin ya ce, "Dubi wannan mara kunyar. A gidan wa aka raine shi?"

Ranar da ya buɗe mini fayil ɗin ƙofa, abu biyu ya koya mini, kuma su ne sana'ar gaba ɗaya. Na farko, saba daga sama take fara karanta fayil ɗin, tana sauka layi-layi. Da ta ci karo da layin da ya dace da baƙon da ke tsaye, da shi za ta yanke hukunci, ba za ta ƙara duba na ƙasa ba. To in ka rufe unguwa guda, wato tarin adireshi masu maƙwabtaka a layi ɗaya, amma akwai gida ɗaya a cikinta da kake so ya riƙa shigowa, dole layin gidan nan ya zauna a saman layin unguwar. In ya sauka ƙasa, tamkar ba a rubuta shi ba ne.

Na biyu, kora iri biyu ce, kowace da lambarta. Ɗari biyar da hamsin tana nufin tafi, kada ka dawo. Sabar da ta ji haka nan take take mayar da wasiƙar ga mai ita, ta cire ta daga wurinta. Ɗari huɗu da hamsin kuwa tana nufin yanzu ba hali, dawo an jima. Mai wasiƙar banza sau da yawa ba ya tsayawa, yana da ƙofofi barkatai da zai je ya buga. Sabar kirki ita ce ke riƙe wasiƙar, ta dawo bayan ɗan lokaci, ta sake dawowa, yawancinsu har kwana biyar kafin su haƙura.

Malam Inuwa bai taɓa rubuta ɗari biyar da hamsin a fayil ɗin nan ba. Ko sau ɗaya.

Mutane kuma kowa da yadda ya ɗauki aikin. Na tuna wani ɗan kasuwar masara da ya zo ranar kasuwa, ya gaisa da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rage murya ya ce yana so a toshe wa abokin gasarsa hanya, kada saƙon masu saye daga Kudu ya riƙa isa gare shi. Malam ya ce, "Alhaji, ni mai gadi ne, ba ɗan fashi ba. Ga ruwa, sha." Ya sha, ya tafi, kuma bai fasa gaishe mu ba.

Cikin masu zuwa wurinmu akwai Alaramma Tukur, mai tsangaya a Yola, Yolar nan tamu ta Karaye. Ya ɗauki aikin rubuta mushafi da ka, izu sittin, da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa. Malaminsa, Gwani Isiyaku, mutumin ƙasar nan ne, amma ya daɗe da komawa wani gari a Sudan inda danginsa suka zauna tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Alaramma ya yi alkawari ba takardar da za ta shiga gafaka sai idon Gwani ya bi ta kanta. Sun gwada aikawa ta waya, sai hoton ya riƙa cinye wasali, ja da baƙi su haɗe. Shi ya sa ya zo wurinmu. In ya gama izu biyu sai ya kawo su a naɗe cikin farin ƙyalle. Mu yi alwala, shi ya riƙa ɗora takardun a kan sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, da hannunsa, ni in ɗauka in aika. A can akwai wani Bahaushe mai shagon kwamfuta da ke da 'yar sabarsa. Shi zai buga su a takarda ya kai wa Gwani, Gwani ya bi su da jar tawada ya yi gyara, mai shago ya sake ɗauka ya aiko mana. Shekara huɗu ana haka. Ni ne mai aikawa, amma ban taɓa tambayar ta wace hanya amsar take shigowa ba. Tana zuwa dai, shi ke nan.

Sai muguwar shekara ta zo. Wani magatakarda a ɗaya daga rassanmu na Rogo ya sami saƙo ana neman kalmar sirrinsa. Da muka tambaye shi daga baya me ya sa ya bayar, ya ce saƙon ya fara da gaisuwa mai kyau, har da tambayar lafiyar iyali, sai ya ga rashin ladabi ne ya ƙi amsawa. Da kalmar nan ɓarayi suka shiga, suka mai da sabarmu jakinsu, tana ɗibar musu shara tana kai wa duniya. Manyan gidajen imel suka rufe mana ƙofa. Mu da muke korar mutane, sai ga mu a tsaye a waje ana ce mana tafi. Ga kuma wasiƙun banza suna kwararo mana kamar an fasa madatsa.

Malam ya tura ni Rogo Sabon Gari da sauran rassa in wanke kwamfutoci, in canza wa kowa kalmar sirri, in roƙe su kada su rubuta ta da alli a bango. Makonni na yi ina kan babur. Shi kuma ya zauna shi kaɗai yana rubuta layuka, yana aika takardun ban haƙuri ga waɗanda suka rufe mu. Fayil ɗin ya kumbura ya wuce layi dubu. A lokacin ne ya rufe manyan unguwanni, har da wata babba ta can gabas da sharar ta fi fitowa. Ciwo ya riga ya fara cinsa, bai faɗa wa kowa ba.

Wata rana na dawo na tarar da rajista ta cika maƙil. Waɗanda aka ce wa dawo an jima, wasunsu sun koyi dawowa.

Na ce, "Malam, waɗannan ba su da zuciya. Mu ba su ɗari biyar da hamsin mu huta."

Ya ce, "Ka san duk wanda ke zaune a unguwar nan?"

"Ai ɓarayi ne."

"Dukansu? Ka bi gida-gida ka ƙirga? Habu sarkin gaggawa. In na yi kuskure na ce wa mutum dawo an jima, ina da kwana biyar in gyara. In na ce masa kada ya dawo, da me zan gyara?"

"Amma sabar tana wahala."

"Don wahalar aka sayo ta. Miƙo mini ruwa."

Ya rasu a farkon damina, ranar wata Laraba. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki na buɗe ɗakin. Na share, na goge, na kaɗe batiran. Hularsa da butarsa da dardumarsa na kai wa iyalinsa. Littafin mai baƙin bango suka ce in riƙe. Da na gama da ɗakin sai na buɗe fayil ɗin ƙofa, na ga yadda yake a hargitse, lambobi manya da ƙanana a cakuɗe, bayanansa na Hausa a tsakani, wani guntu wani dogo. Ya rubuta su cikin gaggawa da ciwo. Na ce ba zan bar aikin Malam haka ba, kada wani ya zo daga Kano wata rana ya ce bai iya tsari ba. Kamar yadda na saba jera masa takalmansa, haka na so in jera masa layukansa.

Akwai umarni guda da ke jera layuka daga ƙaramar lamba zuwa babba. Na ajiye kwafin tsohon fayil ɗin, don ya hore ni a kan haka, sannan na ba da umarnin. Nan take komai ya miƙe sambal. Na ji daɗin ganinsa. Sai na ce tunda na fara, bari in ƙarasa, in mai da duk ɗari huɗu da hamsin ɗin nan ɗari biyar da hamsin, sabar ta huta. Na rubuta umarnin, na ɗora yatsa. Ban danna ba. Ba zan ce muku hikima ce ta hana ni ba. Na dai ga lambobin nan shi ya buga su ɗaya bayan ɗaya, sai hannuna ya ƙi. Na goge umarnin na tashi.

Mako uku ba wanda ya kawo ƙara. Wasiƙu suna shiga suna fita. Aiki ya yi mini yawa ni kaɗai, na daina karanta rajista.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan acaɓa ya sauke Alaramma Tukur a ƙofar ofis. Muka gaisa, ya sake yi mini gaisuwar Malam, na ba shi kujera. Ya zauna, ya ce:

"Malam Habu, Gwani ya riga mu gidan gaskiya."

Na yi masa ta'aziyya. Ya ce jiya ɗan Gwani ya kira shi daga hanya. Ranar Lahadi Gwani ya gama duba izu biyun ƙarshe, yana kwance. Ranar Litinin bayan azahar mai shago ya ɗauka ya aiko. Talata Gwani ya cika. Laraba yaƙin da ake yi a ƙasar ya iso garin, kowa ya kama hanya da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Takardun suna can a ɗakin Gwani, shagon yana kulle, mai shagon ba wanda ya san inda ya nufa.

"Shi ne na ce bari in zo in karɓi saƙona. Shi kaɗai ya rage."

Na buɗe akwatinsa. Ba komai. Na sake dubawa, na duba inda ake tara waɗanda ake zargi. Ba komai. Sai na buɗe rajista na nemi sunansa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na gani ba. Layuka ne jere. Litinin bayan azahar, wata saba ta zo daga gabas, ta jira, ta yi gaisuwa, ta ce tana da saƙon Alaramma Tukur. Tamu ta ce dawo an jima. Ta dawo. Aka ce dawo an jima. Ta dawo. Tun tana dawowa bayan 'yan mintoci har ta koma bayan awa guda. Talata, ranar da Gwani ya cika, tana ta zuwa. Laraba, ranar da garin ya watse, tana ta zuwa. Mutane sun gudu, an kulle shago, ita kuwa tana can cikin duhun ɗaki, solar kan rufi tana ba ta wuta, tana ɗauko saƙon mamaci tana kawowa Karaye, ana ce mata ba hali. Na ƙirga har arba'in na daina. Zuwanta na ƙarshe ranar Alhamis ne da hantsi. Daga nan shiru.

Na buɗe kwafin tsohon fayil ɗin na nemi lambarta. Tana can kusa da sama, kuma a kanta akwai bayanin Malam: "Wannan na Gwani ne. Sabarsu ba ta iya faɗin sunanta daidai ba, amma mutanen kirki ne. A bar shi a sama." A fayil ɗina mai kyan tsari kuwa, bayanan Malam duk sun tattaru wuri guda ba a san na wane layi ba ne, layin Gwani kuma ya gangara ya zauna a ƙarƙashin layin unguwar gabas. Layi uku ne kawai tsakaninsu.

Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na mayar da tsohon fayil ɗin yadda yake. Sannan na juya na gaya wa Alaramma gaskiya, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama.

"Wato dai saƙon yana bakin ƙofa."

"Yana bakin ƙofa, Allah gafarta Malam. Ni na hana shi shiga."

"Yanzu ka buɗe?"

"Na buɗe."

"To kira shi mana."

"Ba a kira. Ita ce ke zuwa da kanta."

"Har zuwa yaushe za ta yi ta zuwa?"

"In irin sauran ce, gobe da azahar kwana biyar ke cika. Daga nan sai ta mayar da saƙon ga wanda ya aiko."

Bai tambaye ni me zai faru in ta mayar ba. Ya san shagon a kulle yake. Muka zauna har aka kira magariba, ba ta zo ba. Ya tafi.

Asabar da sassafe ya dawo da buzunsa, ya shimfiɗa a gefen bencin. Tun asuba ake ruwa, irin mai sauka a hankali ba ya tsayawa, sama ta rufe ruf. Sola ba ta samun komai. Janareton ƙungiya kuwa yana Kano wurin gyara tun kafin rasuwar Malam. Abin da ke cikin batiran nan huɗu shi ne duk abin da muke da shi, kuma in sabarmu ta mutu lokacin da baƙuwar ta zo, daidai yake da ba mu buɗe ba. Na kashe fanka, na kashe ƙwan fitila, na zare duk wata waya da ba dole ba. Allon kwamfutar ma na kashe, sai in kunna in leƙa in sake kashewa. Na buɗe ƙofa iska ta shigo.

Alaramma yana karatu a hankali, ba ya kallona. Can da hantsi ya tsaya ya ce, "Inuwa dai bai taɓa bari na zauna a ɗakin nan ba shayi ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, butar ta lantarki ce."

"To a bar shayin. Kada mu shanye wa baƙuwa wutarta."

Masu wasiƙun banza suna ta zuwa kamar kullum. Duk lokacin da na kunna allo sai in ga sababbin layuka, in duba lamba, ba ita ba ce. Aka kira azahar. Muka yi salla a baranda, ruwa yana feso mana ƙafa. Da muka dawo na leƙa. Babu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, lokacin ya wuce."

Ya ce, "A lissafin wa?"

"A nawa."

"Naka ai mun ga aikinsa. Bar ta a kunne."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Na bar ta a kunne. Fitilar inbata, na'urar da ke jawo mana wuta daga batiran, ta koma ja.

Gab da la'asar na kunna allo, kuma a kan idona layin ya fito. Lambar nan ce. Ta tsaya, ta yi shiru, tamu ta faɗi sunanta. Ta yi gaisuwa, ta faɗi sunan nan nata da ba ta iya faɗa daidai ba. Ta ce daga wane, zuwa ga Alaramma Tukur. Tamu ta fara karanta fayil daga sama, ta iske layin Malam Inuwa a inda ya bar shi, ta ce shigo.

Na nuna masa allon da hannu. Ya taso ya tsaya a bayana, shi da ba ya karanta boko.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Saƙon yana da nauyi, hanyar kuma ba ta da ƙarfi. A hankali yake shigowa, ya tsaya, ya ci gaba. In ya yanke a tsakiya, abin da ya shigo duk zubarwa ake yi, sai an sake daga farko, kuma ban san ko akwai sakewa ba. Inbata ta fara kuka. Na kashe allon don a rage mata, muka zauna muna jin kukanta da saukar ruwa. Na duba agogo, minti ashirin da wani abu. Na kunna. Tamu ta ce na karɓa. Baƙuwar ta yi sallama yadda ake yi, ta tafi.

Daga baya na karanta cewa wasu sabobin, ko da wa'adi ya cika, sukan gwada sau ɗaya na ƙarshe kafin su haƙura. Wataƙila hanyar intanet ce ta yanke a can tun Alhamis, ta dawo na ɗan lokaci. Wataƙila wani abu ne daban. Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Ba wutar da za ta ɗauki firinta, sai a allo muka duba. Ina wucewa da shafukan, Alaramma yana bi da ido. Rubutunsa ne baƙi, sai can ka ga ɗan jan zane a gefe, hannun yana rawa amma bai kauce wa wurin ba.

"Tsaya. Nan wasali na bari. Wuce. Tsaya. Allahu akbar, wannan ma ya gani. Yana kwance fa."

Wuri uku ne kawai a izu biyu. Shafin ƙarshe ba rubutun Alaramma ba ne. 'Yar takarda ce da ajami, layukan suna gangarawa gefe guda. Ya matso da fuskarsa ya karanta a fili. Gwani ya ce ya duba izu sittin, a gyara wuraren nan uku a sa a gafaka, ya yarda. Ya yi masa addu'a, ya yi wa almajiransa. Sai Alaramma ya dakata, ya sake duba layin ƙarshe, sannan ya karanta:

"Ka gaishe mini da mai ƙofarku Inuwa, wanda ban taɓa gani ba. Mai shago ya ce mini wurare da yawa ana korar saƙonmu, ban da wurinsa."

Labarin rasuwar Malam bai kai can ba.

Inbata tana ta kuka.

"An aiko gaisuwa, Malam Habu."

"Wanda aka aiko wa ba ya nan, Allah gafarta Malam."

"Na sani. Ni na yi masa salla. Amma ba za mu bar gaisuwar Gwani ba amsa ba. Kai ne a ƙofar yanzu. Amsa."

Na ce, "Muna amsawa."

Na kwafe saƙon a wuri biyu, na kashe sabar da hannuna kafin wutar ta ɗauke. Muka fita muka yi la'asar.

Sabar can ba ta sake zuwa ba. Na daɗe ina duba rajista kowace safiya, ban ƙara ganin lambarta ba. Mushafin yana Yola cikin gafakarsa, da wuraren nan uku a gyare.

Yanzu kun ga abin da ya sa fayil ɗinmu yake a hargitse, kuma ya sa ba za ku sami ɗari biyar da hamsin a ciki ba. Kusan kowannenku in ya karɓi aiki sai ya gano layin nan, ya zo da murna ya ce, "Baba Habu, ga wani mataccen adireshi, shekara da shekaru bai zo ba, in goge?" Wanda zai gaje ni zai iya canza batira, ya canza sabar, ya canza ɗakin ma in ya so. Layin nan dai an riga an rubuta a kansa yadda za a yi da shi, kuma ba ni na rubuta ba. A bar shi a sama.